Neman lauya a kan riƙon 'ya'yana

Wata biyar ke nan da mutuwar aurena, sai yau na iya rubuta wannan.

Ranar da baban yarana ya aiko a kwashe su, rasa inda zan sa kaina na yi. Lauyan farko da na je wurinsa ko sunan yaran bai tambaya ba, kuɗin buɗe fayil ya fara yanka min. Na ja mayafina na fito.

Yayata ce ta ce, "Ke, share hawayenki, tashi mu je Kongo a Zariya, ai nan jami'ar ABU ke koyar da aikin lauya." A can aka haɗa ni da wata lauya mai haƙuri. Ta zaunar da ni ta warware min komai: a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuma tana wuyan uba. In na sake aure, riƙon ya koma hannun mahaifiyata. Wallahi duk Islamiyyar da na yi ban san wannan ba!

Ranar Litinin alƙali ya bar min yarana. Ga auta nan tana barci a cinyata.