Gida na bakwai da gida na sha ɗaya

A sana'armu ta dillancin gidaje ba a cin la'ada sai ciniki ya faɗa, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke rikita mai saye da cewa wani ya riga ya taya. Ni ma na daɗe ina yin haka, har sai da wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya sa ni neman gida, ya kuma shafe wata 5 yana yawo da ni daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki ba tare da ya sallama kuɗinsa ba.

Gida na bakwai da na kai shi da matarsa Hajiya ya kwanta mini a rai ƙwarai, domin yana da sabon fenti da tayil da rijiyar burtsatse, ga kuma farashin da zai sa la'adata ta yi kauri. A watan Afrilu ne, ana tsananin zafi. Muna tsaye a tsakar gida ina ta zuba bayani, sai Hajiya ta duƙa ta ƙanƙare gindin bango da farcenta, filasta ta zubo kamar gari. Ta ce, "Malam, wannan gidan yana shan ruwa." Alhaji ya ce a bari damina ta sauka tukuna. Na amsa da "to, ranka ya daɗe", amma raina a ɓace yake. Da aka yi wani ruwa mai ƙarfi a watan Agusta na je ni kaɗai, na tarar lambatun layin ya toshe, ruwa ya kai ƙwauri a zaure. Fenti yana rufe idon namiji. Matar da za ta yini a gidan ita ce ke duba kwata da madafi, ta kuma tambayi maƙwabciya ko ana sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

Wanda suka zaɓa daga ƙarshe, na sha ɗaya, gidan gado ne, kuma nan ma sai da muka jira, domin ba a sayen irinsa sai kowane magaji ya amince. Wata ƙanwarsu tana aure a Kaduna, muka yi mako 3 kafin ta zo ta sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu. Bayan haka muka bi takardar mallaka zuwa ma'aikatar filaye, tunda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma sauya sunan mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewarsa.

La'adar da na samu ba ta kai wadda zan samu a gida na bakwai ba. Shi kuwa wancan, wani abokin sana'a ya sayar da shi tun kafin ruwa ya sauka, kuma duk damina idan na bi ta layin ina ganin buhunan yashi jere a ƙofarsa.