Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Cikina a hannun konbini

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin mun tsaya ina garin Onomichi a ƙasar Japan na gama ɗaure tanti a bayan keke zan kama hanyar Shimanami Kaido, wajen kilomita 70 ana bin gadoji daga tsibiri zuwa tsibiri har Imabari. To da yawanku kun tambaya wai me nake ci a hanya.

Kawu, Allah ya jiƙansa, yana da magana ɗaya, wai wanda ya fita ba guzuri cikinsa na hannun mutane. Ita Yaya Babba ta rinƙa jifata da ita ranar da zan tafi, a gaban kowa fa, har da cewa sati ɗaya zan dawo ƙafa a kumbure. Ni kuwa ko tukunya ban ɗauka ba, don Japan shagunan nan da suke ce wa konbini sun haura 50,000, su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, yawancinsu ba sa rufewa dare da rana.

Da asuba in naɗe tanti tun kafin masu yawo da karnuka su fito, in nufi konbini mafi kusa, banɗaki tsaf kyauta, in wanke fuska, in sayi onigiri, dunƙulen shinkafa ne da kifi a ciki an naɗe da ganyen teku, ledar ma da lamba 1, 2, 3 a jiki, in ka bi lambobin ganyen zai rufe shinkafar bai jiƙe ba. Ga tulun ruwan zafi, ga ATM ɗin 7-Eleven mai karɓar katin waje. Har haraji da dabara, tun 2019 in za ka fita da abinci kashi 8 cikin 100 ne, in za ka zauna ka ci a ciki kashi 10, shi ya sa kullum a waje nake ci a tsaye kusa da kekena. Kuma a nan nake sauke shara, don a titinsu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwandon shara ba.

Wahalar ɗaya ce, alade. Kafin in iya gaisuwa da yarensu na haddace harafinsu mai nufin alade, in juya leda ina bin rubutu da yatsa kamar ɗan makarantar allo, miya da taliyar nan da ake sayarwa a cikin kofi kusan duk akwai shi ko giyar girki. Wani lokacin dafaffen ƙwai da ayaba kawai, shi ke nan.

Bayan shekaru, a wajen sunan ɗan Ƙanwa, Yaya ta sake ɗauko maganar Kawu, wai ai ta faɗa. Me ta faɗa? Da kuɗina na saya, ban roƙi kowa ba. Kawun ma da yake faɗa, shi da ko tasha zai je sai an ɗaure masa ƙunshi. Inda maganarsa ta ɗan taɓa ni cikin duwatsun tsibirin Shikoku ne, can gaba da Imabari, inda shagunan suka yi wuya, na kwana da onigiri ɗaya a aljihu ruwa na dukan tanti, wannan kuwa ban taɓa gaya wa Yaya ba, yau ma don na san ba ta karanta Facebook ne.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu, labarin tsohon da ya tsare ni a bakin Lawson.