Naman da ke kan gilashi yana da mai shi

Mu masu duba tsoka a ɗakin gwaje-gwaje ba kasafai muke ganin fuskar majinyaci ba. Ɗan yankin nama ake kawo mana a kwalba cikin ruwan fomalin mai hana ruɓewa, a yanka shi siriri, a rina, a ɗora a gilashi, mu leƙa a maikuroskop. Shi ya sa idan ƙwan tsargiya ya fito ras a bangon mafitsara, da 'yar ƙayarsa a gindi, hannu kan riga tunani kaiwa ga waya don ɗaukar hoto a saka a intanet.

Ni ban ga laifin koyarwa da hoto ba. Na ƙaru sosai da abin da manyan malamai ke sakawa a X da Facebook. Abin da aiki ya koya mini shi ne goge suna kaɗai ba ya rufa asirin kowa. Lambar gwaji tana manne a gefen gilashi, takardar da likita ya cike tana shimfiɗe a kan tebur, ga kwanan wata a kai, kyamara kuwa ba ta zaɓe. Dokar HIPAA ta Amurka, ta 1996, mai kare sirrin majinyata, abubuwa 18 ake lissafawa a ƙarƙashinta da za a cire kafin a ce bayani ya daina nuna mai shi, har da ranaku da sunan gari. A Nijeriya ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

To amma garuruwanmu sun fi doka saurin gane mutum. Ka rubuta cewa jiya an cire wa wata amarya mahaifa daga ƙauye kaza, kafin magariba dangin miji sun san wace ce, wataƙila ita kanta likitanta bai zaunar da ita ya faɗa mata sakamakon ba. Cutar da ba a cika gani ba ta fi haɗari, don ita da kanta take nuna mai ita. Saboda haka nakan bar hoto ya yi watanni, in ce "matashiya" maimakon shekarunta, in cire gari, sannan in nuna wa shugaban sashe kafin in saka.

Zauren WhatsApp na 'yan aji ma ba ɗaki ne mai ƙofa ba, ɗaliban likitanci su sani. Hoton gawa kuwa ko can ba na kai shi. Da ma da ƙyar jama'armu ke yarda a bincika gawar ɗan uwansu, hoto ɗaya ya fita an gama.

Sai 'yan uwa masu turo takardar gwaji da dare: "Likita, duba min wannan." Nakan ce su koma wurin wanda ya duba su, ko da za a ce na yi girman kai.