Soka allura a HeRO Graft: abin da aikin wankin ƙoda ya koya mini

Majinyacin wankin ƙoda da ya daɗe da kateta a wuya, wato bututun da ake zura wa jijiya don haɗa shi da injin wankin, sau da yawa manyan jijiyoyin ƙirjinsa kan tsuke. Ko an yi masa fistula, wato haɗa jijiya mai kawo jini da mai mayar da shi a hannu don soka allurar wankin, jini ba ya samun hanyar komawa zuciya, sai hannu ya kumbura suntum. Irin waɗannan ake dasa wa HeRO Graft, bututun da ke buɗe wa jini sabuwar hanya zuwa zuciya, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2008.

Kashi biyu ne, duk a ƙarƙashin fata. Akwai bututu mai laushi, faɗin cikinsa milimita 6, da ake ɗinkawa a jijiyar dantse mai kawo jini daga zuciya. Sai na silikon, milimita 5, mai ragar ƙarfe a jikinsa, wanda ke ratsa wurin da ya tsuke har ɗakin zuciya na dama na sama. Mahaɗin titaniyam ke haɗa su kusa da kafaɗa.

Mai laushin kaɗai ake soka wa allura, shi ma sai bayan mako 2 zuwa 4 da dasawa, idan kumburi ya saɓe. Kafin in taɓa allura nakan nemo tabon mahaɗin, in bar tazarar santimita 8 daga nan. Sai in ɗora yatsu uku a kan bututun. Lafiyayye yana rawa a hankali ƙarƙashin yatsa ba yankewa. Idan yana bugu da ƙarfi kamar ganga, akwai toshewa a gaba, likita ya kamata ya gani kafin a kunna inji. Allura na shiga a karkace, wajen digiri 45, kuma kowane zama sabon wuri, don suka a wuri ɗaya na cinye bangon bututun.

Abin da ya fi ba mu wahala daskarewar jini ne. Idan inji ya zuƙe ruwa daga jikin majinyaci da sauri awon jini ya faɗi, gudun jini a bututun sai ya ragu, gudan jini ya samu wurin zama. Shi ya sa ba a dasa wa wanda awonsa na sama bai kai 100 ba. Bayan cire allura da yatsa nake danna wurin, sassauƙan danni, ba na sa abin matsewa.

Yatsun hannun majinyaci kuma a riƙa duba su. Sanyi, ciwo ko dusashewar launi alama ce bututun na janye jinin da ya kamata ya isa tafin hannu, kuma wannan ba ya jiran zama na gaba.