Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Randar Bakin Ƙofa

Makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da aka yi wa maigidana Mushe canjin lakwal, muka kwashe komatsanmu daga ƙauye muka dawo cikin garin Tawa. Ga masu tambaya ko sunansa ke nan: a'a. Malamin firamare ne, a nan Nijar kuwa duk malamin boko Mushe ne. Ni ma haka nake kiransa, don har yau bakina bai iya furta ainihin sunansa ba.

Yau bazarar 2010 zan ba ku labari. Na daɗe ina kewaye mata, domin ban fito da kyau a cikinta ba.

Daminar 2009 ta yi gardama a Adar. Gero ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke, aka girbe kara. Tun kafin sanyi ya wuce rumbuna sun fara amsa kuwwa. Ranar 18 ga Fabrairu sojoji suka hamɓare Shugaba Tandja a Yamai, waɗanda suka hau suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa. Mu dai ba mu jira rediyo ya gaya mana ba. Kullum sai ka ga mata daga ƙauyuka da goyo suna bin gidaje neman aikin daka ko wanki. Wasu a karkara sun koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Makiyayan arewa kuma shanu na faɗuwa a gabansu, suna sayar da saniya a kuɗin da bai kai buhun hatsi ba.

A gidanmu ba a kwana da yunwa ba, amma an kwana da lissafi. Mushe ɗan kwantiragi ne a lokacin, kuɗin wata sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuma ina ƙulla zoɓo da lemun hari da ƙanƙara a leda ina sayarwa, to amma firigo ba ya sanyi da fatan alheri. A ɗauke kuran da hantsi, kafin a maido shi komai ya narke. Ga yara uku, ga cikin Auta wata shida. Wanda bai yi watan Mayu a Tawa ba, ba zai gane ba: zafi ya wuce 40 tun kafin azahar, iska ta buso kamar daga bakin maƙera, tabarmar da ka shimfiɗa a ɗaki ta ƙona maka baya. Pamponmu na tsakar gida kuwa tun Afrilu ya koma tari kawai, ba ya zubo ko ɗigo.

Bayan Ista, wadda ta faɗo 4 ga Afrilu a waccan shekara, sai ga Inna, mahaifiyar Mushe, ta sauka daga motar Ƙwanni. Ta zo daga ƙauyensu na kusa da Galmi da rabin buhun albasa, da Littafi Mai Tsarki naɗe cikin ɗankwali, da littafin waƙoƙin da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Inna ba ta jin faransanci ko kalma ɗaya. Karatun Hausa ta koya tana ƴar yarinya, lokacin da ta yi jinyar mahaifiyarta a asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950. A can ta ji bishara, a can ta ba da gaskiya. Shekarata goma sha ɗaya a gidan ɗanta, amma Amarya take kirana. Shi kuwa da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai "wancan".

Abin da ya fara haɗa ni da Inna, a zuciya dai, addu'ar safe ce. A gidanmu Mushe yakan karanta aya biyu uku, ya yi gajeriyar addu'a, kowa ya kama gabansa. Ranar da aka ce Inna ta yi mana, koko sai da ya huce. Ta gode wa Ubangiji don inuwar dogon yaron ƙofar gida. Ta gode don akuyar maƙwabta da ta haihu ba ta mutu ba. Ta gode don gishiri. Ta gode da iskar da ta ɗan motsa wajen asuba. Ta gode da haƙoranta huɗu da suka rage, wai sun isa goro. Yara suna dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa idona a rufe, raina yana tafasa. Cewa nake a zuci: tsohuwa, rumbunki wayam, gudun yunwa ya kawo ki, godiyar gishiri ta mece ce?

Kada ku ɗauka ni marar godiya ce a majami'a. Ranar Lahadi in aka ba da zarafin shaida, ina cikin masu fara miƙewa. Yaro ya warke daga ƙyanda, na shaida. Ƙanena ya ci jarrabawa, na kai baiko da rawa. Godiyata ta manyan kaya ce, irin wadda ake tafa mata.

A gida kuwa bakina ya yi tsawo a bazarar nan. Mushe mutum ne marar magana, in ya ce "to" ya gama jawabi. Kullum ya dawo daga lakwal da rana, ya ci abin da ya samu, sai ya miƙe a zaure ya yi barci kamar an zare masa laka. Wannan barci ya tsaya mini a wuya. Wata rana na tsaya a kansa na ce mazan wasu in sun tashi aiki kabu-kabu suke yi, wasu suna koyar da ƴaƴan masu kuɗi da yamma, shi kuwa ya auri tabarma. Na faɗa da ƙarfi, Inna tana ji daga rumfa. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "To." Ya juya.

Akwai randa babba a bakin ƙofar ɗakina, a kan jiƙaƙƙen yashi, an naɗe ta da tsohon buhu. Randa tana zufa ta jikinta, iska ta busa zufar, ruwan ciki ya yi sanyi. Ba ruwanta da kuran. Kowace safiya cike nake tarar da ita, haka ma tanon wanki da bokitan bayi. Ban taɓa tambaya ba. Na sa a raina pampo yana zuwa cikin dare, Mushe ya tara tunda shi yake kwana kusa da shi. Abin da ya fi sauƙin zato ke nan, na kuwa zaɓe shi.

Kwana biyu bayan na yi masa gorin barci, Inna ta karɓi addu'a. Ta bi layinta na kullum, inuwa, gishiri, iska. Sai na ji ta ce, "Ubangiji, na gode maka don ƙafafun wancan bawan naka, da suka je suka dawo sau huɗu daren jiya, kare bai cije shi ba, ɓarawo bai tare shi ba."

Na buɗe ido. Mushe ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Daren nan ban yi barci ba. A tsakar gida muke kwana duka, kowa cikin sangensa. Wajen ƙarfe uku na ji ya tashi. Ya ɗauki bido biyu, irin rawayan nan na mai masu cin lita 25, ya rataya a keke, ya ɗaga keken sama har ya fita ƙofa don kada sarƙa ta yi ƙara. Ashe akwai wani pampo a can gangaren unguwa, inda ruwa yake isa tsakar dare in mutane sun rufe nasu. Kun san yashin Tawa, ba a tuƙa keke da kaya a cikinsa, turawa ake yi. Sawu huɗu, bido takwas, lita 200. Kuɗin ƴan ga-ruwa da ba mu da shi, da ƙafarsa yake biya. Da rana ba zai iya ba, don ɗalibansa za su ga Mushensu yana layin ruwa cikin mata, ya zama abin waƙa a lakwal.

Abin da ya karya ni shi ne yadda yake zubawa. Ya durƙusa a bakin randar da ke dab da kaina, ya tara tafin hannu a bakin bido, ruwan yana bin hannunsa yana gangarawa ta jikin randa, ba ƙara ko kaɗan, don kada ya tashe ni. Wata ɗaya da rabi yana haka. Na cusa bakin zane a baki.

Za ku ce da gari ya waye na durƙusa na ba shi haƙuri. Ban yi ba. Mu ba a haka aka rene mu ba. Ban taɓa jin uwata ta ce wa ubana ta gode ba, sai dai ranar ya tarar da miya ta fi ta kullum nama. Hanyar na bi. Na ciro daga kuɗin da nake ɓoyewa na kayan jariri, na sayi nono mai kyau wurin Bafillata, na dama masa fura, na roƙi ƙanƙara a gidan Hajiya maƙwabciyarmu, na yanka mangwaro biyu. Ya sha, ya share gemu, ya ce, "Yau wace rana ce?" Na ce Laraba. Na shige ɗaki.

Da la'asar ina tsince zogale, Inna tana gefe tana murza goro a magogi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Amarya, kin gaya wa Allah?"

Na ce, "Na gaya masa, Inna."

Ta ce, "Madalla. Shi ko ba ki buɗe baki ba yana ji. Wancan kuwa kunne irin nawa gare shi."

Sai dare na uku na iya. Da ya dawo sawun farko na tashi na riƙe masa kan keken. Ya tsorata har bido ya kusa suɓucewa. Na ce, "Sannu da ruwa, Mushe." Murya ta maƙale. Na sake cewa, "Na gode. Ka yafe mini maganar tabarma." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Inna ce ta tona ni a gaban Allah da jama'a." Sai kuma, "Koma ki kwanta, kar ki jawo mini aikin ungozoma da daren nan." Daga can cikin sangen Inna muka ji tari, irin wanda ba na mura ba.

Ban ce daga ranar zafi ya ragu ba, ko kuɗin wata ya zo da wuri. Amma sauran bazarar nan ina tuna ta dalla-dalla, alhali watannin da suka gabace ta sun haɗe mini wuri guda kamar hayaƙi. Ina tuna yara zaune tsirara cikin tano suna shan mangwaro, ruwansa har gwiwar hannu. Ina tuna daren da kuran ya kwana, na wayi gari da ƙanƙara cike da firigo, na sayar kaf kafin azahar. Ina tuna matan zumunta da suka haɗa mini tiya biyu ta gero ba tare da na roƙa ba, alhali na san gidajen da aka ɗebo ta. Aka fara ƙwallon duniya a Afirka ta Kudu, mijin Hajiya ya fito da talabijin ƙofar gida, unguwa duka ta taru. Daren 2 ga Yuli da Asamoah Gyan ya buga fanareti ta daki ƙarfen raga, Gana ta fita a hannun Urugwai, babban ɗana ya dawo yana kuka wiwi. Da safe Inna ta gode wa Allah da ya ba jikanta hawaye masu lafiya.

Shamuwa ta riga ta sauka a kan itatuwa, kowa ido a gabas. Musulmin gari suka fita roƙon ruwa, mu ma Fasto ya sa aka keɓe kwana uku ana addu'a a majami'a. Da hadarin ya zo, ja ya fara yi, ƙura ta rufe gari har kaji suka shige akurki, sannan aka sako shi. Hajiya ta leƙo ta katanga, jiƙe sharkaf, tana cewa, "Matar Mushe, namu ne aka amsa ko naku?" Na ce mata a Matiyu sura 5 an ce yana sako ruwansa a kan kowa da kowa, ba ya duba katanga. Ta ce to ai shi ke nan, miƙo mini bokiti.

Ɗakinmu ya yi yoyo wuri uku. Mushe ya kafa randa a ƙarƙashin indararo, ya bar na farko ya wanke ƙurar rufi, sannan ya tara. Ta cika har tana tumbatsa. Daren nan ba wanda ya taɓa keke. Ya yi barci tun bayan cin tuwo har rana ta fito, da munshari kamar injin niƙa, na zauna ina kore masa sauro da mafici. Kun riga kun san abin da ya shiga addu'ar Inna da safe.

Ba ta ƙara kwana uku ba ta ɗaure kayanta, wai ƙasa ta jiƙa, ba za a yi shuka tana birni tana cin tuwon Amarya ba. Mushe ya ranto kuɗi ya auna mata iri. Ranar 3 ga Agusta, da Nijar ta cika shekara 50 da samun ƴancin kai, ya kawo ɗan dashen dogon yaro, shi da yara suka kafa shi daidai inda ruwan randa yake tsiyaya. Yau a inuwarsa nake wannan rubutu. Kafin tsakiyar Agustan, azumi ya kama, kullum da magariba kwanon kunun Hajiya yana tsallako katanga, ga kasuwa ta cika da tafasa da rama.

Ruwan Agustan nan kuwa ya zo da ƙarfin da ba wanda ya roƙa. Muna jin labarin kogin Kwara ya cika ya shiga gidaje a Yamai. A wani dare irin wannan, ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya, hanyar unguwarmu ta zama gulbi, na dafa kafaɗar Mushe na ce masa ya tashi, bayana ya riƙe. Babu mota, babu kuran, Inna tana Galmi, sai keken nan da Hajiya.

Yadda Auta ya zo duniya, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.