Bayan an naɗe tabarmin makoki

Da aka tura ni neman sanin makamar aiki a sashen jin daɗin jama'a na wani asibiti, a tunanina bincike sana'ar malamai ce masu neman ƙarin girma. Mu namu cike fom ne da ba da haƙuri.

Wata dattijuwa ce ta warware mini wannan. Hawan jini ya kawo ta. Sai a zamanmu na uku, tana murza bakin mayafinta, ta ce, "'Yar nan, ɗana fa ba zazzaɓi ne ya ɗauke shi ba." Kansa ya kashe. A unguwa an ce gajeriyar rashin lafiya ce. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, kowa ya kama gabansa. Tun daga nan ba wanda ya ƙara ambaton sunansa a gabanta. Ƙaninsa kuwa ya daina fita majalisa.

Daren nan na koma kan takardun da na karanta don cin jarrabawa kawai. An daɗe ana cewa mutum 6 ne irin wannan mutuwa ke girgizawa. A 2018, Julie Cerel ta tsangayar aikin jin daɗin jama'a a Jami'ar Kentaki ta Amurka, ita da abokan aikinta, suka ƙiyasta cewa waɗanda suka san mamacin kan kai 135. A Amurka ke nan. Ina ga namu gidajen, inda ɗaki goma ke shan ruwan randa ɗaya? Bincike ya kuma nuna makusantan mamacin su ma suna cikin haɗari, kuma tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Wannan na ƙarshen ya yi mini wuyar haɗiya, don an tashe mu a kan cewa baki shi ke yanka wuya.

Shirun ma ba kunya kaɗai ke kawo shi ba. Sashe na 231 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Ƙasar Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Wa zai kai ɗansa asibiti yana tsoron 'yan sanda?

Na roƙi Inna ta zo mini da ƙanin. Na tambaye shi, muryata na rawa, ko shi ma abin yana zo masa a rai. Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ɗaga kai. A ranar muka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, Inna na riƙe da katinsa.