Jarumin Fim a Kan Dandamali, Babu Kyamara a Tsakaninmu

Na daɗe ina bibiyar fina-finan wani jarumi, saboda haka da aka sanar cewa zai fito a wani tsohon wasan kwaikwayo da aka sake ɗorawa a dandamali, sai na nemi tikiti tun da wuri. Irin wannan dama ba ta daɗewa, domin taurarin fim sukan ware watanni uku ko huɗu ne kawai kafin su koma gaban kyamara, kuma a cikin wannan lokaci aikin ba na wasa ba ne: a manyan gidajen wasa na Broadway a New York da na West End a Landan, sau 8 ake gabatar da wasa a kowane mako.

Da ya shigo, zauren ya kaure da tafi tun bai buɗe baki ba, har abokiyar wasansa ta dakata da maganar da ta fara. Tafin bai yi mini daɗi ba, domin sunansa ake yi wa, kuma ya tsinke zaren labarin tun daga farko. Daga inda nake zaune, fuskar da na saba gani ta cika majigi ta koma ƙarama, ba na iya ganin motsin idonsa, wanda da shi ne ya yi suna. A fim, darakta da mai tace hoto su ne suke zaɓa wa mai kallo abin da zai duba, su kusanto da fuska a daidai lokacin da hawaye zai zubo, kuma idan fitowa ba ta yi kyau ba a sake ɗauka har sai ta yi. A dandamali babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, idon kowa yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama, kuma sai ɗan wasa ya jawo shi da murya da tsayuwa da tafiya.

A kashin farko muryarsa ba ta kai ta matar da ta fito a matsayin mahaifiyarsa ba, wadda na ga a takardar bayanin wasan cewa a dandamali ta yi yawancin aikinta. Ko da ta yi magana ƙasa-ƙasa, kalmominta suna isowa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa wani lokaci ƙarshen jimlarsa yakan ɓace. Bayan hutun tsakiya ne na ga abin da ya sa ake girmama shi. Akwai wani dogon zance da mahaifiyar take yi tana tuhumarsa, shi kuma ba shi da abin faɗa sai sauraro, kuma da a fim ne da kyamara ta bar shi ta koma kan mahaifiyar. A nan ya tsaya a gabanmu tsawon zancen, kafaɗunsa suna saukowa a hankali, hannunsa ya kama bayan kujera ya sake, har na tarar na daina kallon mai maganar ina kallon mai sauraron. Wannan ƙwarewa fim bai taɓa nuna mini ita ba.

Na karanta rubutaccen wasan kafin na je, kuma hakan ya amfane ni ƙwarai. Wanda ya san yadda labari zai ƙare ba ya zuwa don jin abin da zai faru, yana zuwa ne ya ga yadda za a yi shi a wannan karon, inda za a sassauta murya da inda za a ɗaga ta. Shi ya sa ake ɗaukar farfaɗo da tsohon wasa a matsayin fasaha mai zaman kanta, har lambar yabo ta Tony, wadda ake bai wa wasannin Broadway, ta ware masa rukuninsa daban. Wasu suna sukar cewa don sayar da tikiti kawai ake ɗauko taurari, kuma akwai gaskiya a ciki, amma na ga matasa da yawa a zauren waɗanda sunan jarumin ne ya kawo su, suka fita suna muhawara a kan halin mahaifiyar.

Ga mai niyyar zuwa irin wannan kallo, kujera a tsakiyar zaure kusa da dandamali ta fi ta can sama idan yana son ganin fuska. Ya kuma sani cewa tikiti na wasan ne, don haka idan rashin lafiya ta kama tauraron, ɗan wasan ko-ta-kwana ne zai maye gurbinsa, kuma ba kowane gidan wasa ke mayar da kuɗi ba. An hana ɗaukar hoto da bidiyo, kuma na goyi bayan dokar, domin hasken waya ɗaya tak a cikin duhu yana isa idon masu wasan kamar yadda yake damun na kusa da mai wayar.